Hancin Ɗan Boko da Warin Daddawa

Akwai wata cuta da ke kama ɗan boko a ƙasar nan wadda har yanzu likitoci ba su raɗa mata suna ba, mu dai a namu gani ciwon hanci ya kamata a kira ta. Alamarta kuwa ba ta ɓuya. Yaro ne zai tashi a Kimba, ko Jega, ko Maiyama, tun yana rarrafe ake ɗura masa miyar kuka da ta sha daddawa, da ita ya yi ƙashi ya yi tsoka, da ita ya ci jarrabawa har ya sami shiga jami'a. Amma ran da ya komo hutun farko, da ya doshi zauren gidansu ya jiyo maƙwabciya ta buɗe kwandon kalwa, sai ka ga ya yamutsa fuska ya sa hankici ya toshe hanci. In Allah ya sa ya gama karatu ya kama aikin gwamnati, ya yi aure ya tare a gidan ma'aikata, dokar farko da zai kafa wa amarya ita ce kada ta kuskura ta jefa masa wannan abu a tukunya.

Abin da ya sa muka ɗauko maganar yanzu shi ne wani sabon salo da cutar ta fito da shi. Tun da finafinan Koriya ta Kudu suka cika wayoyin ɗalibai, sai ga samari da 'yan mata waɗanda ba su taɓa wuce Kwantagora ba suna zancen wani abinci wai shi kimci, wanda suke gani ana ajiye wa kowa a ɗan ƙaramin kwano duk sa'ad da aka zauna cin abinci. Wanda ya sami zuwa Abuja ko Ikko har yakan nemi inda ake sayar da shi, ya biya kuɗin da zai ishi gidansu cefanen kwanaki, ya ɗauki hoto ya watsa wa abokai. Ba mu ga laifin mai son ɗanɗana abincin wata ƙasa ba, tafiya mabuɗin ilmi ce. Abin da muke so a tsaya a duba shi ne, mene ne kimcin nan, kuma yaya aka yi hancin da ya kasa jure daddawa ya iya jure shi.

Kimci dai ganye ne da aka bari ya tsima. Wani irin kabeji ake samu mai dogon ganye, a tsaga shi, a barbaɗe shi da gishiri har ya saki ruwa ya yi laushi, sa'an nan a cuɗe shi da dakakken barkono da tafarnuwa da citta da ganyen albasa da romon ƙananan kifaye waɗanda aka daɗe da jiƙawa cikin gishiri, a danna a tulu a rufe, a ƙyale shi kwanaki ko makonni, wani ma watanni, har ya yi tsami. Duk wanda ya taɓa buɗe tulun nan ya san ba turare ke ciki ba. Su kansu mutanen Koriya har firji na musamman suke saya masa, don ya tsima yadda ake so, kuma don kada ya bi sauran abinci da warinsa.

To, amma dubi yadda suka riƙe abinsu. Ƙasa ce da ta fito daga yaƙin 1950 zuwa 1953 a ragargaje, talakanta na cin shinkafa da kimci don babu wani abin ci. Da ta yi arziki ba ta jefar da tulun ba. A 2001 ta kai shi gaban hukumar Codex, wadda ke tsara ƙa'idojin abinci a ƙarƙashin Majalisar Ɗinkin Duniya, aka rubuta abin da ya cancanci a kira shi kimci. A 2008 da suka tura 'yar ƙasarsu sararin samaniya, da shi ta tafi cikin guzurinta. A 2010 suka kafa cibiyar bincike sukutum, wadda ke birnin Gwanju, ba ta da aiki sai nazarin wannan ganye mai tsami. A shekarar ce kuma kabeji ya yi tsada har maganar ta zama ta gwamnati, aka janye harajin shigo da shi don kada a rasa abin tsimawa. A 2013 hukumar UNESCO ta sa shi cikin jerin al'adun da duniya ta gada, kuma abin lura a nan shi ne, abin da aka rubuta a jerin shi ne kimjan, wato al'adar da mata na unguwa ke taruwa gab da shigowar sanyi su haɗa kimcin da zai kai gidajensu ƙarshen hunturu, su rarraba wa juna da marasa hali. Gayya ke nan, irin wadda muka sani. Tun 2020 kuwa doka ta ware ranar 22 ga Nuwamba ta zama ranar kimci a ƙasar. 

Mu koma gida. A kowane gari na ƙasar Gwandu, daga Aliero zuwa Kimba, akwai gidan da in baƙo ya tambayi inda ake sayar da daddawa, ko daudawa kamar yadda bakin mutanen nan ya fi faɗi, yaro ƙarami zai kai shi har ƙofa. Ba allo, ba kanti, ba takardar shaida. Tsohuwa ce ko magidanciya a cikin gida, wadda ta gaji sana'ar daga uwarta ko uwar mijinta, kuma da yawa daga cikin masu raina ta ba su taɓa tsayawa sun ga abin da take yi ba. Ya kamata a bayyana shi, don raini yakan samo asali daga rashin sani.

Aikin yana farawa da bazara, sa'ad da ɗorawa ta nuna. A kaɗo ta da dogon gora, a ɓare, a daka a fitar da garin nan rawaya mai zaƙi wanda yara ke sha, ɓawon kuma a ajiye shi don makuba, wadda ake daɓe da shafen bango da ita. Abin da ya rage shi ne kalwa, ƙwaya baƙa mai taurin tsiya, wadda ko akuya ba ta iya narkar da ita yadda take. Ita za a zuba a babbar tukunya a yi ta dafawa, wuni guda har a kwana, ana ƙara ruwa ana tura itace, sai ɓawonta ya yi laushi. Daga nan sai turmi: a surfa ta da toka ko ɗan rairayi, a hankali, don ɓawo ake so ya fita ba tare da ƙwayar ta farfashe ba. A kai ta bakin rijiya ko gulbi a yi ta wankewa cikin gwagwa, ɓawo na bin ruwa, a zauna a tsince waɗanda suka ƙi ɓaruwa ɗaya bayan ɗaya. A sake mayar da ita wuta da ɗan kanwa. Tana da zafinta za a tsane ta, a juye a kwando ko masaki, a lulluɓe da ganye da tsofaffin buhuna, a kai ɗaki mai ɗumi a rufe, ba mai taɓawa sai bayan kwana biyu ko uku. Ran da aka buɗe, launi ya juya, ƙwaya ta yi yauƙi, unguwa duka ta san an buɗe. Sa'an nan a kirɓa, a mulmula ko a faffaɗa da tafin hannu, a shanya a rana har ta yi baƙi ta bushe. Kusan mako guda ke nan na hayaƙi da ɗaukar ruwa da ciwon baya, kafin a sami abin da za a sayar wa ɗan boko yana taya shi kamar ya tsinta a hanya. Abin da ta fitar kuwa zai yi watanni a rataye bai lalace ba, a ƙasar da wutar lantarki ba ta da alkawari.

Masu toshe hanci sukan ce ai ruɓaɓɓen abu ne. A nan harshe ne ya ruɗe su, don kalma ɗaya suke amfani da ita ga mushe da kuma abin da aka tsima da gangan. In haka ne, to, kindirmo ma ruɓaɓɓiyar madara ce, ƙullun koko ma ruɓaɓɓen gero ne, burodin da suke karyawa da shi ma sai da ƙullinsa ya kwana ya kumbura. Ɗalibanmu na sashen kimiyya sun san abin da ke gudana a ƙarƙashin buhunan nan. Wata ƙwayar bakteriya ce mai suna Bacillus subtilis, wadda ke jure zafin da ke kashe sauran, tana nan maƙale a kwando da ganye da jikin kalwar kanta. Da ta sami ɗumi da laima sai ta farka ta shiga warware furotin ɗin da ke cikin ƙwayar, ta mai da abin da ciki ba ya iya narkarwa ya zama abinci. Warin da ake gudu iskar amoniya ce da ke fita a cikin wannan aiki, mafi yawanta kuma shanya da tafasar miya ke korar ta. Abin da ya saura, wajen kashi ɗaya cikin uku furotin ne, ga mai, ga bitamin. A gidan da nama ba ya shiga sai ranar kasuwa ko ranar suna, ba ƙaramar magana ba ce wannan. Tsohuwar ba ta san sunan bakteriyar ba, amma ta san ran sanyi sai ta ƙara buhu, ran zafi ta rage kwana, ta kuma san da hannu da hanci lokacin da abin ya kai. A ɗakin gwaji wannan shi ake ba mutum digiri a kansa.

Daɗin da daddawa ke ba miya ma yana da suna a littafi. A 1908 wani malamin kimiyya na Japan, Kikunae Ikeda, ya gano sinadarin gulutamet a cikin wata ciyawar teku da mutanensu ke romo da ita, shekara guda bayan haka aka fara sayar da shi gari fari, wanda jikokinsa ne muke kira farin magi. Shi wannan sinadari shi ne bakteriyar nan ke saki a cikin kalwa. Wato abin da kamfani ke haɗawa a injin, kakanninmu sun daɗe suna fitar da shi daga kwando. Ba su kaɗai ba kuwa: Yarbawa na ce mata iru, mutanen Mali da Burkina Faso na ce mata sumbala, a Senegal netetu, a arewacin Gana dawadawa. Mu kanmu muna da ta biyu, daddawar batso, wadda ake yi da gurguzun yakuwa. Can Japan suna da natto, waken suya da wannan bakteriya ɗin dai ta tsima, mai yauƙi da wari, suna ci da safe da shinkafa, ba wanda ya ce musu ba su waye ba.

Wani abin takaici, ko abin dariya, shi ne sunan da itacen ɗorawa ke amsawa a littattafan duniya. Parkia ake ce mata, don a 1826 wani masanin tsirrai na Birtaniya, Robert Brown, ya raɗa mata sunan Mungo Park, Baturen nan da ya biyo Kwara a jirgin ruwa, ya ratsa Yawuri, ya halaka a Busa a 1806. Matafiyi ya wuce sau ɗaya ya sami itace da sunansa, matan da suka gano yadda ake mai da ƙwayarsa abinci ko ɗaya ba a rubuta sunanta ba.

Yaya aka yi dunƙule ya kori daddawa daga tukwane da yawa? Labarin ba shi da tsawo. Wani mutumin Suwizalan, Julius Maggi, shi ya kafa kamfanin da ya fito da dunƙulen a 1908, kamfanin Nestlé ya haɗe shi a 1947, a farkon shekarun 1980 aka buɗe masana'anta a Agbara ta Jihar Ogun, rediyo da talabijin da motocin talla suka ƙarasa sauran aikin. Kamfanin da kansa ya taɓa faɗin cewa yana sayar da dunƙule fiye da miliyan 100 kowace rana a Afirka ta Yamma da ta Tsakiya, ban da na sauran kamfanoni, waɗanda duk bakinmu ya haɗa su ya kira magi. Gaskiya kuwa ɗaya ce, dunƙule yana da abin da ya sa aka karɓe shi. Ba ya buƙatar daka, na yau daidai yake da na gobe, a naɗe yake ƙuda bai taɓa shi ba, gishirinsa na da aidin mai maganin maƙoƙo, tun 2012 kuma ana ƙara wa wani sinadarin ƙarfe saboda ƙarancin jini. Ba muna kira a hana sayar da shi ba ne, kuma mun san a yawancin gidaje yau tare suke shiga tukunya da daddawa. Sai dai a san abin da ake saye. Kusan rabin dunƙule gishiri ne. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada babba ya kai giram 5 na gishiri a wuni, dunƙule ɗaya ƙarami kuwa giram 4 ne nauyinsa, uwargida na jefa huɗu ko biyar, ta bi da farin magi, ta bi da gishiri. Wanda ya taɓa raka mahaifinsa layin masu hawan jini a asibitin Jega ko Birnin Kebbi ya yi wannan lissafi da kansa. Dunƙule ɗanɗano yake ba miya, ba ya ƙara mata abin gina jiki da za a ambata. Su kamfanonin ma sun san darajar abin da muke raina wa, don har an taɓa fito da dunƙule mai ɗauke da sunan daddawa, a naɗe a takarda mai ƙyalli, kuma ba mu ji wanda ya toshe masa hanci ba.

Sa'an nan ga maganar inda kuɗi ke tafiya, wadda ita ce ta fi shafar matasan ma'aikata, tun da su ne masu albashi a garuruwan da albashi ya yi ƙaranci. Nairar da aka ba mai tebur don dunƙule, ɗan abin da ya rage masa kaɗan ne. Saura ta hau mota ta bi hanyar Koko da Yawuri ta yi kudu, wani kaso ma ya ƙetare teku. Nairar da aka miƙa wa mai daddawa kuwa a garin za ta kwana: ta biya mai itace, ta biya mai ruwa, ta biya manomin da ya sayar da kalwa, ta shiga adashi, ta fito ta zama kayan ɗakin 'ya, ko kuɗin magani, ko kuɗin littafin wani yaro wanda wata rana zai shigo jami'ar nan. Wata Baturiya mai bincike, Polly Hill, wadda ta zauna a Batagarawa ta ƙasar Katsina, ta yi rubutu tun 1969 a kan wannan ciniki na cikin gida da matan kulle ke yi, ta nuna kasuwa ce babba wadda idon hukuma ba ya gani. Fiye da shekara hamsin ke nan, har yau mai lissafin arzikin ƙasa bai koyi shiga zaure ya yi sallama ba. Da yawa daga cikin masu karanta wannan mujalla, in sun bi sawun kuɗin rajistarsu na farko, a bakin wata tukunya za su tsaya, ta ƙosai ko ta ƙuli-ƙuli ko ta kalwa.

Akwai kuma abin da ba a cika faɗi ba. Matar da ba ta fita, in masu saye ba su zo ƙofarta ba, dole ta ɗora wa 'yarta faranti ta tura ta talla, a daidai sa'ad da ake buga ƙararrawar makaranta. Muna taruka muna jawabi a kan ilmin 'ya'ya mata, alhali ma'aikaci goma da za su yi alkawarin sayen daddawar wata guda a gida ɗaya, su biya a kan kari, sun isa su sauke farantin nan daga kan yarinya ɗaya. A je har gida, a yi sallama, a ce, “Inna, a ba ni ta wata guda,” a daina tayin wulaƙanci. Mutumin da bai taɓa neman ragi a kantin zamani ba, bai kamata ya zo ya nuna gwanintar ciniki a kan tsohuwar da ta kwana gaban murhu ba.

Kada a ce mun rufe ido ga aibin abinmu, don daddawa ba ta gaya wa manda baƙi. Wanda ya taɓa tauna tsakuwa a miyar kuɓewa yana da hujjar yin fushi. Ana shanya a ƙasa inda kaji ke bi, ƙuda na sauka, ruwan wanki wani lokaci ba mai kyau ba ne. Da kalwa ta yi tsada, saboda 'yan kasuwa na saye da kaka su ɓoye sai ta yi wuya, wasu na cakuɗa ta da waken suya ba su faɗa ba. Daddawar waken suya halal ce kuma abinci ce mai kyau, laifin shi ne a sayar da ita da sunan ta kalwa. Duk wannan gaskiya ne. Amma a dubi girman matsalolin: gadon shanya mai tsayi da ragar hana ƙuda, siminti ɗan kaɗan a wurin wanki, murhu mai rage cin itace, ƙaramin injin ɓare kalwa wanda zai raba ta da rairayi ya kuma rage tsawon dahuwar farko, mazubi mai murfi wanda ma'aikaciya za ta sa a jaka ba tare da ofis ya tashi ba. Ba ɗaya a cikinsu da ya fi ƙarfin ɗalibin injiniya na shekarar ƙarshe. An kafa jami'ar kimiyya da fasaha a Aliero tun 2006, tsakaninta da Kimba ba wata tafiya ba ce. Muna so mu ga ranar da kundin digiri zai fito daga tsakar gidan mai daddawa, kuma abin da aka ƙera ya koma can ya yi aiki, maimakon ya ƙare a kan kanta ƙura na ci.

A nan sai mun ja kunnen 'yan'uwanmu, domin mun san maganin da ɗan boko ke fara kawowa ga kowace matsala: a kafa masana'anta. Wani mai kuɗi ya ci bashin banki, ya saye kalwar lardi duka tun tana kan itace, ya ɗauki samari goma aiki, ya buga tambari, mata ɗari biyar su wayi gari ba sana'a, sa'an nan a kira wannan ci gaba. Wanda ya ga yadda man gyaɗa na inji ya yi da matan da ke matsa a gida ya san ba tatsuniya muke ba. Koriya ma da muke yabo ba ta tsira ba: gidajen abincinta da yawa kimcin kamfani suke saye mai araha daga Sin, har sai da hukuma ta tilasta a riƙa rubuta asalin wanda aka ajiye wa mai ci, matasansu kuma da yawa ba su iya haɗa shi ba. Gyaran da muke nufi shi ne wanda zai bar sana'ar a hannun masu ita. In mata ashirin na gari ɗaya suka haɗa kai suka sayi kalwa da kaka a farashin kaka, suka mallaki injin ɓarewa guda, jami'in lafiya na ƙaramar hukuma ya zo da shawara maimakon rasit, hukumar NAFDAC ta sauƙaƙa musu rajista a ƙungiyance, to, daddawar Kimba za ta iya shiga kantin Abuja da sunan Kimba a jikinta. Maƙwabtanmu na Nijar sun riga sun yi wa albasar Galmi da kilishinsu rajistar suna, don kada wani ya sayar da nasa da sunan nasu. Mu da ke da albasar Aliero, wadda ake lodi zuwa kudu da ƙasashen maƙwabta, ko wannan ba mu yi mata ba. Ba kuma za a ce duniya ba ta san hanyar Kebbi ba, tun da UNESCO ta karɓi bikin kamun kifi na Argungu a 2016. Senegal ta shigar da dafa-dukar shinkafa da kifinta a 2021, Kwaddibuwa ta shigar da acekenta na rogo a 2024.

Duk wannan zance kuwa banza ne in babu itacen, kuma nan ne abin ya fi ba mu tsoro. Duk wanda ya bi hanya daga Jega zuwa Maiyama ya dubi gonaki da idon basira, zai ga ɗorawar da ke tsaye manya ne, tsofaffi, waɗanda kakanni suka bari sa'ad da suke sharar gona. Ƙanana masu tasowa sai an nema. Garmar shanu da tarakta na tumɓuke tsiron, awaki na cinye wanda ya tsira, mai gawayi da mai sassaƙa turmi na jiran babbar. Manomi kuma yana da tasa hujja, don gero ba ya yin kirki a ƙarƙashin inuwarta, kuma wanda bashi ya kama da rani ba ya tuna miyar baɗi. Amma itace ne da ke ba da gari, da kalwa, da makuba, da inuwa, ganyensa na taki, ɓawonsa na magani, jemagu ne ma ke yi masa barbara da dare ba a biya su ko kwabo. In ya ƙare a nan, kalwa sai an yo ta daga wajen Zuru da Yawuri da abin da ya yi kudu, kuɗin mota ya hau kanta, mai ƙaramin jari ta sauke tukunya. Ran da ta sauke kuwa ba tukunya kaɗai aka rasa ba, don ilmin nan ba a rubuce yake ba, a hannu yake, in uwa ba ta yi a gaban 'yarta ba ya tafi ke nan.

Kebbi na cikin jihohi 11 da shirin nan na Babbar Ganuwar Itatuwa ya shafa, wanda aka kafa wa hukuma ta ƙasa a 2015. Kowace damina ana bikin dashen itace, babban baƙo ya sa hannu a ƙasa a ɗauki hoto, kuma kusan kullum abin da ake dasawa dogon yaro ne da turare, don su ne masu saurin girma da akuya ba ta so. Ba mu raina dogon yaro ba, ya yi wa garuruwanmu sutura, amma ba a miya da shi. Jami'an gandun daji da malaman gona matasa da ke karanta mu, su ne ke rubuta jerin irin da za a raina a gandu, ba mai hana su sa ɗorawa a ciki. Ƙungiyar ɗalibai kuma tana da fili a bayan ɗakunan kwana wanda ba abin da ke fitowa a cikinsa sai leda.

Aikin ba wuya gare shi ba, haƙuri yake so. Kalwa tana da taurin ɓawo, saboda haka sai an jiƙa ta a ruwan zafi ta kwana, ko a ɗan kankare gefenta, kafin a shuka a leda tun da rani. A dasa da ruwa ya zauna, wajen Yuni ko Yuli, a kewaye da ƙaya, a ba ta ruwa a raninta na farko da na biyu. Takan ɗauki shekara bakwai zuwa goma kafin ta fara 'ya'ya sosai, wato wanda ya dasa a shekararsa ta farko a jami'a zai gama, ya yi bautar ƙasa, ya kama aiki, watakila ya yi aure, kafin a kaɗo ta farko. Ɗaliban Kimba da Aliero da Maiyama da za su tafi hutu, kowa ya roƙo mudun kalwa ɗanya wadda ba a dafa ba daga gidan da ake daddawa a unguwarsu, ya biya kuɗinta, ya kawo ofishin ƙungiya kafin ƙarshen Maris.